Wasikar tarihi ta Smith & Wesson ta warware min rigimar tsohuwar libarba

Gaskiya duk mai tara tsofaffin bindigu a nan Amurka ya san ciwon kan libarba ta Smith & Wesson da aka kera kafin 1957, sbd lokacin basu fara buga lambar model ba, suna kawai ake kira, Military & Police wadda daga baya ta koma Model 10, ko Chiefs Special da ta zama Model 36.

Tawa wani dillali ya karanto min lambar dake ciki inda ake bude silinda yace itace siriyal, ashe lambar hadi ce ta masana'anta, siriyal na ainihi tana can karkashin gindin mariki, nawa da V ya fara wato samfurin da ake kira Victory na zamanin yakin duniya na biyu.

Sai na tura hotuna da lambar ga Smith & Wesson Historical Foundation, gidauniyar da ke bada wasikar tarihin bindigogin kamfanin, wlh wasikar ta burgeni, ranar da bindigar ta bar masana'antar kamfanin ta garin Springfield da wanda aka aikawa duk sun fito daga tsofaffin rajistocinsu. Dan uwa in zaka tura ka dauki gindin marikin hoto tar tar, kuma ka kirga sukurorin jikinta, galibi masu biyar sun girmi masu hudu.