Maganin cire filar efoksi: ya cire filar, ya haɗa da fentin ƙofata

In dai a kan tayil ne, maganin nan yana aiki, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma ƙofar ɗakin uwargida da na saye shi dominta, har yau in na zo wucewa kau da kai nake yi.

A watan Afrilu ne muka gyara bandakin cikin ɗaki a gidanmu da ke Tumfure, a Gombe. Farin simintin da aka cike tsakanin tayil da shi tun farko ya yi baƙi ƙirin, ya fara zubewa, ruwa na bi ta nan yana jiƙa bango har fentin falo ya kumbura. Aka ba ni shawarar in sa filar efoksi, wadda ba ta shan ruwa kuma ba ta kama datti. Na saya, da tsadarta da komai. Mai tayil ya ce ai shi ya sha yin aiki da ita a Abuja. Da na san ƙarya yake yi da ban fita aiki ba ran nan.

Ita wannan fila ba kamar siminti take ba. Kamar gam ɗin nan ne mai tub biyu da ake haɗawa a liƙe abu: akwai ruwan gam, akwai wani ruwan da ke sa shi ya daskare, sai garin yashi mai laushi. Da zarar an gauraya su, agogo ya fara bugawa. Ba iska ke busar da ita ba, ita ke dafa kanta da kanta, kuma zafi ƙara mata sauri yake. A jikin bokitin an rubuta cewa mutum na da kamar minti 45 na aiki, amma wannan lissafin ƙasar sanyi ne. Wanda ya san Gombe a Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, ya san ba za ta jira kowa ba. Shi kuwa gogan sai ya juye bokiti guda gaba ɗaya ya kwaɓa da tsakar rana. Kafin su ci rabin bango ta fara ƙarfi a hannunsu, suka rikice, yaronsa na ta zirga-zirgar ɗebo ruwa, yana tura ƙofar ɗaki da hannu duk fila. Shatin yatsu biyar a jikin ƙyaure, dunƙule a kan hannun ƙofa, ga ɗigo-ɗigo daga tsakiya har ƙasa. Suka jingine ƙofar da bango suka tafi. Sai bayan kwana uku da uwargida ta koma ɗakin ta zo rufewa muka gani.

Ƙofar irin ta ƙarfen nan ce da ake kira ta Turkiyya, mai zanen katako a jiki. Kun dai san kuɗinta yanzu.

Ruwan zafi da omo, kalanzir, fetur, duk mun gwada, ko gezau. Na kira mai tayil, ya zo da asid ɗin da suke wanke tayil da shi a gorar ruwa. Kafin in hana shi har ya ɗiga a kusa da maƙalin ƙofar na ƙasa. Filar tana nan daram, washegari wurin ya yi jan tsatsa. Daga baya wani maƙwabcina da ya karanci harkar gini ya yi mini bayani cewa asid siminti yake ci, efoksi kuwa an yi ta ne musamman don ta jure irin waɗannan ruwaye, shi ya sa ake sa ta a ɗakunan girki na otal da asibitoci. Wato mutumin da ya ce ya ƙware a Abuja bai ma san wannan ba.

Shi maƙwabcin ne ya ce akwai magani na musamman. Na zagaya shagunan kayan gini babu, sai wani mai shago ya ce zai sa a sako mini daga Kano. Bayan kwana huɗu ya iso, 'yar roba ce mai cin lita ɗaya, kuɗinta ya fi na buhun siminti biyu. Na tambaye shi ƙarara: "Alhaji, a ƙofa zan sa, ba zai taɓa fenti ba?" Ya ce, "Haba Yallaɓai, filar kawai ya sani, sa abinka ka kwanta."

Abin yana da kauri kamar kunun kanwa da ya kwana, ba ya zuba in an shafa a tsaye. Wari kuwa akwai shi, ba mai hawa kai irin na tina ba, amma sai da na buɗe tagogi na kori yara tsakar gida. Safar hannu dole ce, don ɗan abin da ya taɓa mini wuyan hannu sai da ya yi ja yana zafi har dare.

A bandaki na fara, domin su ma tayil ɗin an bar musu wani hazo mai danƙo, in haske ya bugi bango sai ka ga kamar an shafa man kaɗe an bari. Na shafa da buroshin fenti, na lulluɓe da leda saboda kada zafi ya busar da shi, na ba shi minti 20. Da na sa soso mai kaushi, wallahi sai ga abu na murjewa kamar dattin jiki a wanka. Na ɗauraye da ruwa, tayil ya fito fes, launin da na zaɓa a shago sai ran nan na gan shi. Hannun ƙofa ma, da yake farin ƙarfe ne marar fenti, shafawa biyu dunƙulen ya yi laushi kamar cingam na ɓamɓare shi da tsinke. A lokacin da an ce in ba shi maki, goma bisa goma zan ba shi. Har na kira mai shagon na yi masa godiya, abin da har yanzu yake ba ni haushi.

Sai na koma kan ƙyauren da ƙarfin gwiwata. Na lafta a kan shatin yatsun nan, na bi ɗigon da ke ƙasa, na rufe da leda, na tafi sallar La'asar. Da tsayawa gaisawa a ƙofar masallaci, abin bai wuce minti 30 ba. Ina ɗaga ledar sai na ga zanen katakon ya biyo ta. Wurin ya tattare ya yamutse kamar gandar da aka babbaka, ina taɓawa da yatsa yana saɓulewa, ga farin ƙarfe a ƙasa yana kallona. Filar ta fita, ƙwarai kuwa. Ta fita ne tare da abin da take zaune a kai. Garin neman gira an rasa ido.

Uwargida ta tsaya a bayana ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Abban yara, da ka bar mini shatin yatsun ma ya fi."

In an bi gaskiya, a bayan robar akwai gargaɗi da ƙananan baƙaƙen Turanci cewa a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, kuma yana iya lalata fenti da roba. Da na ɗiga a saman ƙyauren inda ido ba ya kaiwa, da na gane tun da wuri. Wannan laifina ne. Amma rubutun sai da na ɗauki hotonsa da waya na buɗa shi kafin ya karantu, kuma ni na tambayi wanda ya sayar mini baki da baki. Da na koma masa da hoton ƙofar, buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "Ai ba ka ce mini mai fenti ba ce." Akwai ƙofar ɗakin da ba ta da fenti ne? Ko haƙuri na kirki bai bayar ba, sai ma tallar wani fenti da ya shiga yi mini.

Abin takaicin, ɗigo bakwai ko takwas da ban kai ga shafa musu ba, da dirayar gyaran gashin uwargida muka cire su. Ita ta kawo shawarar, ta ce ta ga zafi yana sassauta gam. Na yi mata dariya. Sai ga shi in aka haska wa ɗigo iska mai zafi na minti biyu zuwa uku, yakan saki ya yi taushi, in sa gefen tsohon katin banki in ture shi ya faɗo. Fenti bai ko dusashe ba. Sai dai a yi hankali kada a kafe zafin wuri ɗaya, kuma kada a kusanci wurin da reza ko soson ƙarfe. Ƙaramin janaretonmu ba ya ɗaukar dirayar, don haka sai da muka jira aka kawo wuta wajen ƙarfe 11 na dare, ina tsugune da tocilan a baki ita tana riƙe da waya. Cikin awa ɗaya muka gama, ko sisi ba a kashe ba.

Mai fenti ya zo ya duba ya ce zanen katakon daga kamfani ake buga shi, hannu ba zai iya kwaikwayo ba. Ya goge wurin da samfefa, ya sa maganin tsatsa, ya bi da fenti ruwan ƙasa mafi kusa da ya samu. Daga nesa ba laifi, daga kusa kamar an yi wa shadda faci da atamfa. Ya ce in ina son ta zama iri ɗaya sai a fesa wa ƙofar gaba ɗaya launi guda, zanen ya tafi ke nan.

Mai tayil kuwa har ya iya turo yaronsa karɓar cikon kuɗin aiki, yaron nan dai mai yatsun. Na nuna masa ƙofar na ce ya je ya gaya wa ogansa ya zo da kansa. Yau sati uku ke nan.

Saura fiye da rabin robar tana nan a sito, na ɗaure bakinta da leda na ɗora inda yara ba sa kaiwa. Mai hazon efoksi a tayil ko a farin ƙarfe, ya zo in ba shi a rabin kuɗi. In kuwa ƙofa ce mai fenti, ko ta katako mai banish, ko irin ta robar nan da ake sa wa bandaki, ya ari diraya a cikin gida.