Bireziya mai tsini ko mai soso: wacce ta dace da rigar yayin 1950?

Wata 'yar uwa ta ce ta tsinci doguwar riga a gwanjo, irin ɗinkin matan Amurka na shekarun 1950, mai matsattsen ƙugu da buɗaɗɗen siket. Ko'ina ya zauna mata sai ƙirjin, wanda ke tattarewa, ga wani ɗan kumburi da babu komai a cikinsa. Tana tambaya ko ta nemi bireziya irin ta da, mai tsini, ko ta ci gaba da mai soson da ta saba.

'Yar uwa, jikinki lafiyarsa ƙalau, rigar ma haka. Telan da ya yanka ta, a kan wata siffa ya auna, ke kuma kin sa mata wata daban a ƙasa. Ki juya rigar ki duba tsukin ɗinkin da ke ƙirji, wanda teloli ke ce wa dat. A rigunan wancan zamani za ki ga yana ƙarewa can sama, bakinsa da tsini. Tun da mai tsara tufafi Christian Dior ya fito da sabon yayinsa a Paris a 1947, abin da ake so shi ne ƙugu siriri da ƙirji a ɗage, riguna kuma suka bi wannan tsari.

Mai tsinin ita ce abokiyar tafiyar wannan ɗinki. Kamfanin Maidenform na Amurka ya fitar da tasa mai suna Chansonette a 1949, ta yi kasuwa sosai. Yawancinsu ba soso, ba ƙarfe. Ɗinki ne ake zagayawa da shi tun daga gindin kofin har zuwa bakinsa, kamar yadda ake saƙa faifai, shi ne kuma ke riƙe siffar. Tana ɗagawa, tana raba tsakani, ta turo gaba. In kin sa ta, wancan kumburin zai cika, tattarar ta baje, ƙugunki ma ya ƙara fitowa don an sami tazara tsakaninsa da ƙirji.

Mai soso kuwa da zafi ake gasa ta a cikin mazubi, ta fito a mulmule kamar ƙoƙo, babu ɗinki a kanta. An yi ta ne don kada ta nuna a ƙarƙashin rigar yadi mai laushi da ke bin jiki. A nan babu kamarta. Amma tudunta ya fi na waccan saukowa, ya kuma fi faɗi, shi ya sa bakin dat ɗin rigarki ke tsayawa a sama shi kaɗai.

Sai dai mai tsinin tana da nata hali. Ba ta miƙewa, don haka ba ta yafe kuskuren awo. In mama bai cika bakin kofin ba, sai ya lotsa, har matan wancan lokaci kan cusa ɗan ƙaramin matashi a ciki. Tana kuma jan ido, musamman in yadin ba shi da kauri. Wadda mai tsara tufafi Jean Paul Gaultier ya ɗinka wa mawaƙiya Madonna a 1990 kayan dandali ce, kada ki ɗauka haka matan gida ke yawo. Inda mai tsinin ta yi wa mai soso fintinkau shi ne lokacin zafi: ta auduga tana shan iska, soso kuwa a watan Afrilu sai ya jiƙe sharkaf.

Ni dai da za ki bi tawa, ta tsakiya za ki nema, wato marar soso mai kofin da aka haɗa da ƙyalle biyu ko uku, irin ta iyayenmu. Doreen ta kamfanin Triumph misali ce. Tana da ɗan tsini daidai misali, ya ishi rigar, ba zai sa a riƙa waiwayenki ba. In ƙugun rigar ya matse ƙwarai, akwai doguwar da ke sauka har cibiya, tana shafe tudun da maɗauri kan bari a baya.

Kada kuma ki ɗauka duk tsohon yayi ɗaya ne. Rigar shekarun 1920 ƙirji a shafe take so, da ɗan maɗauri kawai. Wajen ƙarshen shekarun 1960 an koma ga mai laushi marar tauri. Rigunan da ake ɗinkawa yau da sunan tsohon yayi kuwa, da yawansu a kan siffar zamani aka yanka su, mai sosonki ta wadatar.

Ainihin tsohuwar bireziya ta shekara saba'in, ki bar ta inda kika gan ta, robarta ta riga ta mutu. Kafin ki kashe kuɗi, ki fara rage tsawon hannun wadda kike da ita, ki sa rigar ki duba madubi ta gefe. In har yanzu da saura kuma ba kya son tsini, ki kai wa tela kina sanye da bireziyar da za ki riƙa sawa, ya sauko da bakin dat ɗin.