Mai hayar siwan na bakin kasuwa, ga abinda na gani

Salam 'yan uwa na Gadarif ta Sudan. Duk wanda rasuwa ta same shi yana neman siwan, wato rumfar zaman makoki, da kujeru, mutumin nan na bakin kasuwa gaskiya ya iya aiki. Shi muka kira lokacin makokin maƙwabcinmu ɗan sanda, wanda aka tura su kwantar da tarzoma aka jefe shi da dutse a ka, ya kwana biyu a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Kun dai san makokin ɗan sanda ba irin namu bane, abokan aikinsa mota mota suke zuwa da kaki ga manyansu ga mutanen unguwa ga dangin matar daga Kassala, kafin la'asar kujeru sun ƙare tas. Waya ɗaya muka yi masa ya ƙaro wasu a karo, wato amalanken jaki, bai ko tsaya ciniki ba. Yaransa sun kafa rumfar tun kafin a dawo daga maƙabarta, bangaren mata daban da labulensa, kuma har aka ɗauke firash, wato aka tashi daga zaman makoki, rana ta uku ruwan sanyi bai yanke ba, shayi da jabana (kofi) ma kofuna sun wadata.

Inda ban ji daɗi ba janareto ne, ƙararsa ta hana a ji mai addu'a, sai da wani dattijo ya ce "yaro don Allah ja shi bayan gida". Tabarmi kuma wasu duk ƙura.

Kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, ya karɓa, da ya ji marayu aka bari ya yafe na ɗauko kaya.