Sharhi kan tarkon ƙudan lemu mai sinadarin metil yujinol

Bayan kaka biyu ina amfani da wannan tarko a lambun lemu da mangwaro, hukuncina shi ne yana aiki ƙwarai, amma rabin aikin kawai yake yi.

Tarkon ƙaramar roba ce mai murfi da ƙofofi a gefe. A ciki akwai auduga ko ɗan katako da aka jiƙa da sinadarin, da ɗan maganin kashe ƙwari. Ƙamshin yana janyo namijin ƙudan Bactrocera dorsalis daga nesa, wato ƙudan nan ɗan asalin Asiya da aka fara gani a Afirka a Kenya a 2003. Idan lambu na da ƙudan, cikin kwana ɗaya za a ga gawarwaki a gindin robar.

Inda ake rataye shi ne ke raba mai nasara da mai asara. A sa shi cikin inuwar ganye, mita 1.5 zuwa 2 daga ƙasa, tun 'ya'yan suna ɗanye. Wanda rana ke duka kai tsaye ƙamshinsa na saurin gushewa. A shafa giris a jikin wayar ratayewa, in ba haka ba tururuwa za su kwashe gawarwakin, manomi ya zaci ƙudan ya ragu. Da damina a huda gindin robar don kada ruwa ya taru. Sinadarin kuma a sauya shi duk mako 4 zuwa 6, da safar hannu.

Ga aibinsa: mace ba ta kula shi, alhali ita ce ke huda ɓawo ta zuba ƙwai, tsutsa ta ci ciki, lemu ya ruɓe ya faɗo. Macen da aka riga aka yi wa barbara za ta ci gaba da ɓarna ko tarko ya cika maƙil. Ba ya kama ƙudajen Ceratitis ma, wani jinsin ƙudan da ke ɓata 'ya'yan itace, waɗannan nasu sinadarin daban ne. Abin takaici, masu sayarwa ba su cika faɗin haka ba.

Don haka dole a haɗa shi da abincin yaudara na furotin mai maganin kashe ƙwari na spinosad, ana fesa shi tabo-tabo a ganye kowane mako saboda matan. A riƙa tsince duk abin da ya faɗo, a ƙulle cikin baƙar leda a bar shi a rana, ko a binne a rami mai zurfin santimita 50, domin a ƙasa tsutsar ke rikiɗa ta fito ƙuda. Idan maƙwabcin lambu bai tsince nasa ba, tarkonka zai yi ta cika da ƙudajensa.