Wata takwas da ɗan tafkin lambuna: robar ta yi, famfon ya koma kwali

Zanzaro ne baƙona na farko. Ban ma kwashe shebur da baro daga bakin ramin ba, ruwan bai kai rabi ba, sai ga shi ya sauka a kan laka yana dunƙula ta, ya tashi ya dawo, ya tashi ya dawo. Na tsaya da tiyo a hannu ina kallonsa, na ce a raina to, ko ba komai an samu mai cin moriya guda. Wata takwas ke nan da wannan ranar. Tunda mutane suna ta tambayata ko kwalin kayan haɗa tafki da na saya ya biya bukata, gara in rubuta sau ɗaya in huta.

A cikin kwalin akwai baƙar shimfiɗar roba irin wadda ake kira EPDM, tsawonta mita 5, faɗinta mita 4, kaurinta milimita 1. Akwai wani ƙyalle mai kauri kamar tsohon bargo da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin robar, da ɗan famfon feshi mai aiki da hasken rana, da kwanduna huɗu na dasa tsirran ruwa, da kwalbar wani magani da aka ce yana wanke ruwa, sai ɗan littafin bayani. Sunan kamfanin ba shi ne abin ji ba, irin waɗannan kwalaye kusan duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Robar ita ce kayan, sauran duk rakiya suka yi mata. Nauyi gare ta, sai da muka ɗauke ta mu biyu. Na bar ta a rana kamar awa guda kafin in shimfiɗa, ta yi laushi, ta bi kowane lungu na ramin ba gardama. Ramina mita 3 ne a tsawo, mita 2 a faɗi, zurfinsa santimita 60. Lissafin ba wuya: ka ɗauki tsawon ramin, ka ƙara zurfin sau biyu, ka ƙara ɗan abin da za ka binne a baki, haka ma faɗin. Ranar da nake jera duwatsu wani ya suɓuce mini ya faɗa tsakiya, gabana ya faɗi, amma ko ƙwarzane bai yi mata ba. Na taɓa ganin siririyar ledar PVC da rana ta cinye ta koma tana karyewa kamar busasshen ganye. Wannan kuwa, inda ta leƙo waje tana shan rana kullum, har yau tana miƙewa in ka ja ta. Ƙyallen ƙarƙashin ne bai isa ba, ya gaza da kusan taku biyu, sai da na cike wurin da yashi mai laushi.

Littafin ne muka yi faɗa da shi. Zanen da ke ciki ya nuna rami mai gefe a tsaye kamar kwano, da ɗan dandamali a zagaye don ajiye kwanduna. Na bi shi sau da ƙafa. Rana ta tara da sassafe 'yata ta shigo da gudu.

“Baba, zo ka gani, wani abu yana iyo!”

Bushiya ce. Tana ta zagaye, ta kai gefe ta kama robar, santsi ya dawo da ita. Bushiya ta iya iyo sarai, gajiya ce ke kashe ta in ba ta samu mafita ba, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe take ciki. Na kwaso ta da kwandon dashe, muka lulluɓe ta da tsumma, can da hantsi ta warware ta shige ƙarƙashin shinge ko waiwaye babu. A ranar na rage ruwan, na naɗe robar ta gefe ɗaya, na sassaƙe ƙasar ta koma gangare mai sauƙi kamar bakin rafi, na zuba tsakuwa. Sa'ar da na ci ban yanke rarar robar ba tukuna. Duk wanda zai sayi wannan kwali, kada ya kai almakashi kusa da robarsa sai ya yi mako biyu yana kallon tafkin.

Wannan gangaren, inda ruwan bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, shi ne ya zama kasuwar tafkin. Nan tsuntsaye ke wanka, nan ƙudan zuma ke jeruwa a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa suna sha, nan ruwan ya fi saurin ɗumi, nan ƙananan ƙwari suka fi yawa. Zurfin da na sha wahalar haƙawa, bado kaɗai ke morarsa. Da zan sake, rabin tafkin gangare zai zama. Littafin bai ce uffan a kan wannan ba, haka bai ce uffan a kan yara ba, alhali ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba. Ni na zagaye nawa da shinge mai ƙofa tun kafin in zuba ruwa.

Rabin ruwan na famfo ne, na bar shi kwana biyu sinadarin kulorin ya fita, sauran kuma ruwan sama ya cika. Kafin mako ya zagayo sai ga tsutsar sauro, ɗaruruwa, sun rataye kai ƙasa a saman ruwan, in ka kawo inuwarka su nutse. Uwargida ta leƙa, ta dube ni.

“Maigida, wato gidan sauro ka gina mana.”

Ba ni da ta cewa. Sauro ne ke riga kowa zuwa sabon ruwa, tun masu cin sa ba su iso ba, kuma in akwai zafi kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi daga ƙwai ya zama mai cizo. A nan kwalin bai taimake ni da komai ba. Na sayi Bti daban, wata ƙwayar bakteriya ce da aka gano a 1976, tana kashe tsutsar sauro da 'yan uwanta na kusa ba tare da ta taɓa kwaɗi ko mazari ba. Sau biyu na sa. Kafin a kai ga na uku, wasu ƙwari masu iyo a rigingine sun sauka, ƙafafunsu na baya kamar filafilin kwalekwale. Da dare suke tashi sama suna neman ruwa, ba wanda ya kawo su. Sai baƙaƙen buzuzun ruwa masu ɓoye iska a ƙarƙashin fiffike su nutse da ita. Waɗannan suka shiga cikin tsutsar sauron ba tausayi. Har yanzu ina ɗiban ruwa a farin kofi kowane mako in duba, in na ga ɗaya ko biyu to an yi yawa. Mai iyo a rigingine yana cizo fa, na gwada da yatsana, zafinsa kamar harbin zuma.

Maƙwabcina ya ce, “Malam, ka zuba kifi mana ka huta.” Na ƙi. Kifi zai ci tsutsar sauro, amma ba a nan zai tsaya ba, zai bi ƙwan kwaɗi da talibambam, wato 'ya'yan kwaɗin, da 'ya'yan mazari, ga kashinsa ya zame wa gansakuka taki. Mai son kifi ya haƙa tafkin kifi, wancan wani aiki ne daban.

A mako na uku ruwan ya koma kore shar, ko tafin hannunka ba ka gani in ka tsoma. Na ɗauko kwalbar maganin nan na zuba yadda aka rubuta, na jira kwana goma, ban ga bambancin komai ba. Dalilin koren ba ɓoyayye ba ne: sabon ruwa yana ɗauke da abincin tsiro, naitiret da fosfet, ga rana, ga shi babu manyan tsirran da za su yi rububinsa, sai ƙananan gansakuka su samu fili. Kuma da hannuna a ciki, don kwandon farko da ƙasar lambu mai taki na cika shi. Na fitar da shi, na sake dashen a ƙasa mai nauyi marar taki, na rufe samanta da tsakuwa. Wajen mako na bakwai na lura da wasu 'yan mitsi-mitsin halittu, ba su fi kan allura ba, suna tsalle-tsalle a cikin ruwan. Dafniya ke nan, gansakukar suke tacewa su ci. Kwana biyar bayan haka na tashi na tarar ina ganin tsakuwar ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Kwandunan ba laifi, sai dai ramukansu sun yi faɗi, sai ka shimfiɗa tsumma a ciki ƙasa ba ta zube ba. Badon na ɗora shi a kan bulo da farko don ganyensa ya kai sama, da ya yi ƙarfi na sauke shi ƙasa. Ya yi fure a wata na huɗu. Na jefa damin wani tsiro da masana ke kira Ceratophyllum, ba shi da saiwa, a cikin ruwa yake shawagi, in rana ta take sai ka ga ƙwayoyin iska suna tashi daga jikinsa. Kainuwa kuwa, dashen Allah aka ce, amma tawa wani aboki ne ya ba ni guda uku a roba. Cikin wata guda ta rufe rabin tafkin. Yanzu kowane mako ina kwashe ta, in tara ta a baki ta kwana don ƙwarin da ke maƙale a saiwarta su koma ruwa, washegari in kai ta juji, ba na yarda ta kai ga magudanar ruwa. Kachalla ma an yi mini tayi na ce a kai kasuwa, don in ta kafu tafki ya zama nata.

Famfon fa? Girgije ya gifta ya tsaya, rana ta fito ya tashi. Bado ba ya son ana watsa masa ruwa a ganye, iska kuma tana karkatar da feshin waje tafkin yana raguwa. Ranar da na buɗe matacinsa na tarar da talibambam uku a matse a ciki, ranar ya koma kwali. Tafkin da ba kifi a cikinsa, mai isassun tsirrai, ba ya bukatarsa.

Su talibambam ɗin, iyayensu sun zo ne a wata na uku, daren da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kukansu ya hana mu barci dare huɗu, wannan ma a sa shi cikin lissafi in tagar ɗakin kwana tana kusa. Da safe muka ga ƙwai a jere cikin dogon zare mai yauƙi, an naɗe shi a jikin tsirrai. Inda kwaɗi suka taru maciji ba ya nisa, sau ɗaya na ga wani siriri yana ratsa ruwan, tun daga nan nake rage ciyawar hanya kuma ba mai zuwa wurin da dare ba fitila.

Mazari tun makon farko suke zuwa, macen tana tsoma jelarta a ruwa tana ɗagawa, ashe ƙwai take sakawa. 'Ya'yansu a ƙarƙashin ruwa suke girma, wasu iri wata biyu, wasu shekaru, suna farauta da wani leɓe mai naɗewa da suke harbawa gaba. Makon jiya 'yata ta kawo mini wani busasshen ɓawo da ta ciro a jikin kara, siffar ƙwaro cak, har da idanu da ƙafafu shida, bayansa a tsage. Muka koma muka ƙirga, goma sha ɗaya. Ta zuba su a kwalbar maganin wanke ruwan nan da ta wanke ta shanya, tana nan a kan tagarta.