Sauya tankin man ƙaramin jirgin ruwa a wajen makanikan bakin Tafkin Jabi

Aikinsu ya yi kyau. Kafin su taɓa komai sai sun cire batir, sun zuƙe fetur kaf. Tankin alminiyum daga ƙasa yake ruɓewa, inda soson da aka kewaye shi da shi ke riƙe ruwa har ya huda shi ƙananan ramuka kamar na allura. Ba sa yarda su yi masa walda, kuma gaskiyarsu, domin tururin fetur na iya fashewa. Sabon tankin suna ɗora shi kan sandunan roba don iska ta riƙa ratsawa, su sauya tiyo, su sa maɗauri biyu a kowane baki, su haɗa wayar as (earth), wadda ke hana tartsatsin wuta. Sannan su hura masa iska psi 3 (psi ma'aunin matsin iska ne), su shafa ruwan sabulu su duba kumfa, alamar yoyo. Jinkiri kam akwai, sai an jira tanki ya iso daga Legas.