Daga Kano zuwa Abuja da iyali: motar gida ko jirgin ƙasa?

Malam, ga tambayarka kamar yadda ka kawo ta: kana zaune a Kano, kana son kai uwargida da yara huɗu Abuja su buɗe ido na kwana uku a hutun makaranta. Kana da mota mai cin mutum bakwai, amma wasu na ce maka ka ajiye ta, ka bi jirgin ƙasa daga Kaduna. Wanne ya fi?

Ga iyali mai mutum shida, mota ta fi, matuƙar lafiyarta ƙalau kuma za ku yi tafiyar ido na ganin ido. Mutane kan tsaya lissafin hanya kawai, alhali babbar matsalar tana can bayan an sauka.

Abuja gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. Dokar kafa shi ta fito a 1976 zamanin Janar Murtala Muhammed, gwamnati kuma ta tare ranar 12 ga Disamba, 1991. Tituna ne masu faɗi, unguwanni nesa da juna, wuraren kallo a warwatse. An hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, adaidaita sahu ma ba a barin su a manyan titunan tsakiya. Abin da ka saba a Kano, ka tsaya bakin titi ka ɗaga hannu a kwashe ku gaba ɗaya, babu shi a Maitama ko Asokoro. Wanda ya zo a jirgi sai tasi, ko motocin da ake kira ta waya irin su Bolt da Uber da inDrive, kuma yawancinsu ƙananan motoci ne masu ɗaukar mutum huɗu. Ku shida ne, kowace fita sai mota biyu.

Lissafin kuɗi

A mota, Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400 kaɗan. Zuwa da dawowa, haɗe da zirga-zirgar cikin gari, ka ƙiyasta kilomita 1,000. Idan motarka tana cin lita ɗaya a kilomita 10, lita 100 ke nan. Idan babba ce, ga lodi ga sanyi a kunne, tana cin lita ɗaya a kilomita 8, ka sa lita 125. Ka ninka da farashin litar ranar, ka ƙara kuɗin sabis kafin tashi. Wannan adadin ba ya canjawa ko ku biyu ne a ciki ko ku bakwai.

A jirgi kuwa kowane kai da kuɗinsa. Sabon layin dogo bai riga ya haɗa Kano da Kaduna ba, don haka sai kun fara shiga motar haya zuwa Kaduna: kujera shida zuwa, shida dawowa. Sai kuɗin shata daga tashar mota zuwa tashar jirgi ta Rigasa. Sai tikiti, zuwa da dawowa. Sannan Abuja: a ce a yini za ku tashi daga masauki zuwa masallaci, daga nan lambu, daga nan wurin cin abinci, ku koma masauki. Hawa huɗu ke nan, a mota biyu ya zama takwas. Yini biyu, 16. Ka ƙara na tasha ranar sauka da ranar komawa, ka biya kuɗin mota sau 20. A nan ne aljihu ke zurarewa ba a sani ba.

Da a ce kai da uwargida ne da yaro ɗaya ko biyu, lissafin zai juye: mota ɗaya ta ishe ku a cikin gari, tikiti ma bai taka kara ya karya ba.

Hanya da gajiya

A nan jirgi ya yi zarra. Layin Kaduna zuwa Abuja kilomita 186 ne, an buɗe shi a Yulin 2016. Akwai sanyi, akwai banɗaki, yaro zai iya miƙewa ya taka, ba mai amai saboda gargada, kai ma ka huta da sitiyari. Ga yaron da bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba, hawan kansa yana cikin abin da zai daɗe yana ba da labari. Idan akwai tsohuwa a tafiyar, ko mai juna biyu, wannan kaɗai ya isa dalili.

Inda ake samun matsala shi ne haɗa lokaci. Jirgi ba ya jiran kowa, kuma kafin ka kai Rigasa kana da tafiyar kusan awa uku daga Kano, ga ratsa Kaduna. Ana sayar da tikiti ta intanet tun 2021, ana neman lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma sunan da ke kan tikiti dole ya dace da katin shaidar mai shi. A lokacin hutu da jajiberin Sallah kujeru kan ƙare da wuri. Mai neman kujera ɗaya yakan dace, mai neman shida a tarago ɗaya sai ya sayi nasa da zarar an buɗe sayarwa. Kada ka sayi tikiti a hannun 'yan bayan fage, domin da sunan wani yake. Jadawali yana canjawa, wani lokaci ma a dakatar da jirgin saboda gyara, don haka ka duba shafin hukumar jiragen ƙasa kwana ɗaya kafin tafiya. Sannan ka san inda za ka sauka: daga Kaduna ana fara isa Kubwa, sannan Idu. Mai masauki a Kubwa ko Gwarinpa ya sauka Kubwa. Mai zuwa Jabi, Utako ko Wuse ya wuce Idu. Idu a bayan gari take, amma daga nan akwai jirgin cikin gari da ke kai wa tsakiyar birni da filin jirgin sama.

A mota, da yara da tsaye-tsaye, ka ware awa 6 zuwa 7. Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna hanya ta yi kyau. Daga Kaduna zuwa Zuba ne aikin titi ya daɗe yana jan ƙafa, inda akan haɗe motoci masu zuwa da masu komowa a hannu ɗaya. A irin wurin nan haɗari ya fi yawa, saboda masu gaggawar wuce tirela. Mararrabar Jos da Tafa kuma manyan motoci kan yi fakin a gefen titi, su matse hanya. Ka rage gudu tun daga nesa.

Maganar tsaro ba a ɓoye ta. Wannan hanya ta sha fama da masu garkuwa da mutane a shekarun baya, musamman wajen Rijana da Katari. Jirgin ma an kai masa hari ranar 28 ga Maris, 2022, bai dawo aiki ba sai Disambar shekarar. Kowanne ka zaɓa, addu'a da lura su ne guzuri. Ƙa'idar mota ita ce: ku bar Kano bayan sallar Asuba, ku wuce Kaduna kafin Azahar, ku shiga Zuba kafin La'asar. Kada ka yarda Magariba ta same ka tsakanin Kaduna da Jere. Ana gobe tafiya ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, domin su ke bin ta kullum.

Kafin tashi bakanike ya duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto da bel. Taya huɗu da safaya su zama masu rai, jak da sifana suna ciki. Lasisi, takardun mota da inshora kada ko ɗaya ya zama ya ƙare, a sa abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, domin jami'an hanya na Abuja sun fi na ko'ina bin diddigin waɗannan. A cikin birni a kiyaye danja, a ɗaura bel, kada a ajiye mota a inda ba a ga wasu sun ajiye ba. Titunan Abuja idan ka wuce kwanarka sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka samu wurin juyawa. Uwargida ko babban yaro ya riƙe taswirar waya, kai ka fuskanci tuƙi.

Masauki

Zaɓin hanya shi ke yanke inda za a kwana. Otal a Mararaba, Nyanya, Lugbe ko Kubwa ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, amma araha ba ta ado. Ma'aikatan Abuja da yawa a can suke kwana: da safe duk su nufo gari, da yamma duk su koma. Hanyar Nyanya da Mararaba ita ce mafi muni. A ranar aiki awa biyu kan tafi a gosulo, yara na kuka a baya. Mai motarsa zai iya jurewa Kubwa ko Gwarinpa, ya fito bayan ƙarfe tara, ya koma kafin huɗu ko bayan Isha. Wanda ya zo a jirgi kuwa ya daure ya kama ɗaki a Wuse, Garki, Utako ko Jabi, domin abin da ya rage a kuɗin ɗaki zai biya shi ninki a kuɗin tasi biyu.

Ga mutum shida, gidan haya na kwana-kwana mai ɗaki biyu da kicin yakan fi ɗaki biyu a otal. Abincin sayarwa a Abuja da tsada. Shayi da burodi da ƙwai da safe a gida, da miyar da aka soyo daga Kano a kula, suna rage kashe kuɗi sosai. Wannan ma riba ce ta mota, domin but yana ɗaukar kula da tabarma da katan ɗin ruwa, abin da ba za ka so ka yi ta ja a tashar jirgi ba. Kafin ka tura kuɗin kama gida, ka sa wani ɗan'uwa ya je ya gani da ido, ya tambayi awa nawa ake kunna janareta, kuma ko ruwa na zuwa.

Abu ɗaya da mai shiga tasi zai kiyaye: kada a shiga motar da ba fenti, wadda ta tsaya da mutane biyu ko uku a ciki tana kiran fasinja. Ta haka ɓarayin da ake kira wan-cans suke aiki. A kira mota ta manhaja, a duba lambarta ta dace da wadda ke waya, ko a shiga a tasha. Idan an rabu mota biyu, kowace mota da babba ɗaya da waya mai caji.

Tsarin kwanakin

Mafi dacewa ku tashi Alhamis ku dawo Lahadi. Mai mota yana samun kallo na farko kyauta: Dutsen Zuma yana bakin hanya wajen Madalla kafin Zuba. A nuna wa yara tsohuwar takardar naira 100 mai hoton dutsen, su ɗaga kai su ga dutsen da ke jikinta. Wanda ya zo a jirgi sai ya ware kusan rabin yini da kuɗin shata kafin ya je can.

Juma'a da safe a zaga Dandalin Eagle, a hango Majalisar Tarayya mai koren ƙubba da Dutsen Aso a bayanta, da Kotun Ƙoli. Daga waje ake kallo, ba a shiga sai da izini. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoto a ƙofar Fadar Shugaban Ƙasa, ko barikin soja, ko shingen jami'an tsaro. A gargaɗi yara tun a mota. Daga nan sai Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984, mai ƙubba ruwan zinariya da hasumiya huɗu. Ku isa kafin ƙarfe 12, domin ana rufe titunan kewaye idan lokaci ya matso, mai mota kuma zai sha wuyar wurin ajiyewa. A wannan wuri ɗaya mai tasi ya fi mai mota jin daɗi: a sauke shi, ya taka. Kowane yaro a sa masa takarda mai lambar wayarka a aljihu, takalma kuma a leda a hannu.

Da La'asar sai Millennium Park a Maitama, lambun da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disambar 2003. Ciyawa ce shimfiɗe da inuwa. A shimfiɗa tabarma, a fito da kula, yara su yi gudu son ransu.

Asabar titunan tsakiyar gari fayau suke, ranar ce mai mota zai more. Da safe gidan namun daji da wasan yara na Asokoro, a gindin Dutsen Aso. Yaran da suka san gidan zu na Kano kada a cika musu buri game da dabbobi. Abin zuwa a nan shi ne filin wasa da ganin dutsen dab da kai. Da yamma a zaɓi ɗaya: lilo a Magicland kusa da Ƙofar Birni da babban filin wasa na Moshood Abiola, ko Tafkin Jabi. A wurin lilo ana biyan kuɗin shiga, kuma wasanni da kuɗinsu, don haka a yanke wa kowane yaro adadin hawa tun a ƙofa. A Jabi kada yaro ya shiga kwalekwale sai da rigar ruwa daidai jikinsa, a ɗaure, kuma a daidaita farashi kafin a taka. Tsarabar atamfa ko shadda a bar ta. Wanda ya fito daga garin Kantin Kwari ba shi da abin saye a Kasuwar Wuse.

Lokacin shekara ma yana shiga lissafi. Babban hutun Agusta yana faɗawa tsakiyar damina, kuma ruwan Abuja ya fi na Kano yawa da daɗewa. A sa wuraren fili da safe, a tanadi lema, a duba waifa da fitilun mota. Hutun Disamba ya fi daɗin yawo, sai dai hazo kan rufe duwatsu, tikitin jirgi kuma ya yi wuya. A guji 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba idan ana son zaga Dandalin Eagle, domin akan rufe titunan wurin saboda biki.

Akwai hanya ta uku ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da titin Kaduna zuwa Abuja ba: ka tuƙa zuwa Kaduna, ka ajiye mota a gidan ɗan'uwa, ku hau jirgi. Za ka biya mai, ka biya tikiti, ka biya tasi biyu, amma ka tsallake sashen da kake tsoro. Idan haka ka zaɓa, ka nemi direba ɗaya mai babbar mota a Abuja ta hannun wanda ka sani, ku yi cinikin shatar yini, a faɗi wanda zai zuba mai da ƙarfe nawa za a tashi. Tikitin komawa kuma ka saye shi da zarar an buɗe sayarwa, na jirgin safe, domin ku ɗauki mota a Kaduna ku shiga Kano da sauran rana.